Hayar sunan kamfani: wa ya fi cin riba, mai suna ko mai shago?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masana harkar kasuwanci, ina neman ƙarin haske a kan tsarin nan da ake kira faranchayis, inda mutum zai zuba jarinsa ya buɗe shago amma da sunan wani kamfani da ya riga ya yi suna, kamar gidajen kaji da fiza da suka cika Legas da Abuja, yanzu kuma suna shigowa Kano da Kaduna. Me ya raba shi da zama dila? Nawa ake biyan mai sunan, kuma daga ina ake cire kuɗin? Mai jarin naira miliyan 100 zuwa 150, ya karɓi hayar suna ne ya fi masa ko ya kafa nasa? Sannan wasu na cewa hanya ce kawai ta kwashe kuɗin ƙasa zuwa waje, wasu na cewa ita ke samar da aikin yi. Ina gaskiyar take?

Akanta_Fagge ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Dila kaya yake saya ya sayar. Mai sarin siminti ko taliya a Singa ribarsa ita ce ratar da ke tsakanin farashin kamfani da farashin da ya sayar, shagonsa nasa ne, sunansa nasa ne, lokacin buɗewa da rufewa shi ya ga dama. Mai hayar suna kuwa tsari yake saya gaba ɗaya: sunan, launin fenti, kayan ma'aikata, minti nawa kaza za ta yi a cikin mai, wurin da zai sayo fulawa, har da kalaman da yaro zai faɗa wa mai saye. Jarin naka ne, asarar ma taka ce, amma umarni na mai suna ne. Wanda bai iya bin umarnin wani a cikin shagon da ya gina da kuɗinsa ba, ya tsaya a nan, kada ya ƙara taku.

Kuɗin da ake biya iri uku ne a bayyane. Akwai kuɗin karɓar suna, sau ɗaya a farko, kuma ba a mayar da shi. Akwai kason ciniki na wata-wata. Akwai kuma kuɗin talla da ake tarawa a asusu guda. A Amurka McDonald's na karɓar dala 45,000 a farko, ya shafe shekaru masu yawa yana karɓar kashi 4 cikin 100 na ciniki, ya mayar da shi kashi 5 ga sababbin rassa daga Janairun 2024. Subway, mai gidajen sanwici, kuɗin farkonsa dala 15,000 ne kacal, amma yana cire kashi 8 na ciniki da ƙarin kashi 4.5 na talla. Kun ga arhar shiga ba ita ce arhar zama ba.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne ba daga riba ake cire kason nan ba, daga ciniki ake cirewa. Bari in buga lissafi na misali, alƙaluman nawa ne don a gane, kowa ya sa nasa. Shago yana cinikin naira miliyan 20 a wata. Kayan girki sun ci miliyan 9. Albashi miliyan 2.4. Wuta da dizal da iskar gas miliyan 2.2. Hayar wuri miliyan 1.2. Gyare-gyare da robobi da ledoji da sauran tarkace miliyan 1.4. Abin da ya rage miliyan 3.8. Mai suna ya zo ya cire kashi 6 nasa da kashi 2 na talla, wato miliyan 1.6. Kai ka tashi da miliyan 2.2. A takarda kashi 8 aka rubuta, amma a aljihu ya ɗauke fiye da kashi 40 cikin 100 na ribarka.

Yanzu ciniki ya sauka zuwa miliyan 15, kamar yadda yakan faru da gidan abinci a Arewa cikin azumi idan cinikin rana ya mutu, ko idan aka toshe titin gaban shago ana aikin gada. Kayan girki sun sauko zuwa miliyan 6.75, tarkace zuwa 1.2, amma albashi da wuta da haya suna nan daram, domin firiza ba ta san ciniki ya ragu ba. Ragowa miliyan 1.25. Mai suna ya cire miliyan 1.2. Saura naira 50,000. Shi ya samu kashi uku cikin huɗu na abin da ya saba samu, kai ka tashi a tutar babu. Shi ya sa nake cewa duk wanda za a nuna wa hasashen ciniki, ya zaftare kwata daga ciki ya sake bugawa kafin ya yi murna. Idan jarinka miliyan 110 ne, ko a watanni masu kyau sai ka yi wata 50 kafin uwar kuɗi ta dawo. Idan yarjejeniyar ta shekara 5 ce, kuma a ƙarshenta aka ce sai ka sabunta kujeru da fenti da na'urori kafin a tsawaita, to ka yi wa wani aiki ne.

Akwai kuɗi na huɗu da ba a rubuta shi a matsayin kuɗi: ribar da mai suna yake ci a kayan da ya wajabta maka saye a wurinsa. Yaji, ƙullun fiza, kwalaye, na'urar lissafin ciniki. Domino's a Amurka mafi yawan kuɗin da ke shigo masa daga sayar wa rassa ƙullu da kayan haɗi ne. Wannan ba laifi ba ne idan sarin da yawa ya sa farashinsa ya fi na kasuwa sauƙi. Yana zama bala'i idan ya fi tsada kuma an hana ka saye a waje. Abin da ya rusa Quiznos, wani kamfanin sanwici na Amurka, ke nan: ya kai rassa kusan 5,000 a 2007, masu rassa suka yi ta kai shi kotu a kan tsadar kayan dole, a 2014 ya nemi kariyar kotu saboda bashi. McDonald's kuma nasa salon daban ne, tun 1956 ya koma mallakar fili ko kama hayarsa, sannan ya ba mai reshe haya, har kuɗin hayar da yake karɓa ya fi kason ciniki yawa. Saboda haka tambayar farko ga kowane mai suna ita ce: ta ina kake cin riba a kaina? Idan ya ce kason ciniki kaɗai, a nemi jadawalin farashin kayansa a kai kasuwa a gwada.

Barista_Zazzau ta rubuta:

Malam Akanta ya gama da lissafi, bari in ɗora da takarda, don a nan ne ake yanka mutum yana murmushi.

A Amurka tun 1979 hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta wajabta wa mai suna ya miƙa wa mai nema kundin bayani. A tsarin da ake bi yanzu kundin na da babi 23, kuma dole ya isa hannunka aƙalla kwana 14 kafin ka sa hannu ko ka biya ko sisi. A ciki akwai shari'o'in da kamfanin ya shiga, da dukkan kuɗaɗen da za ka biya, da adadin rassan da aka buɗe da waɗanda aka rufe, da sunayen waɗanda suka bar tsarin. Afirka ta Kudu ma dokarta ta kare masu saye ta 2008 ta tanadi kwana 14 ɗin, ta ƙara da kwanakin aiki 10 da mutum zai iya janyewa bayan sa hannu ba tare da tara ba. Najeriya ba ta da doka ta musamman a kan wannan. An sha kai ƙudiri Majalisa, amma abin da ke aiki a ƙasa shi ne dokar yarjejeniya ta gama-gari, da dokar tambari, da dokar gasa da kare masu saye ta 2018, da dokar NOTAP, hukumar da ke tace yarjejeniyoyin da ake yi da kamfanonin waje. Ma'ana babu wanda zai tilasta wa mai suna ya faɗa maka aibinsa. Kai za ka nema, a rubuce. Ka roƙi jerin rassan da aka rufe cikin shekara 3 da lambobin masu su, ka kira aƙalla biyar, ba waɗanda kamfanin ya zaɓa maka ba. Wanda ya hana ka wannan jerin ya riga ya ba ka amsa.

Na biyu, tabbatar cewa sunan nasa ne. Mutane da yawa na ɗauka takardar CAC ita ce mallakar suna. Ba ita ba ce. Rajistar kamfani daban, rajistar tambari daban, ana yin ta a ofishin rajistar tambari da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki a Abuja. Tana aiki shekara 7 a karon farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Ana kasa tambura aji-aji gwargwadon sana'a, gidan abinci yana aji na 43. A nemi kwafin satifiket a duba aji da ranar ƙarewa. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram da Garwa da Njamena naku ya fi sauƙi, rajista ɗaya a OAPI, hukumar rajistar tambari ta haɗin gwiwa da ke Yawunde, ta game ƙasashe 17, tana kuma ɗaukar shekara 10. Amma ba ta aiki a Najeriya, ta Najeriya ma ba ta aiki a can.

Na uku, idan mai sunan na ƙasar waje ne, sai an yi wa yarjejeniyar rajista a NOTAP, hukumar da aka kafa a 1979 don tace yarjejeniyoyin fasaha da tambari. Idan babu satifiket ɗinta, banki ba zai tura kason ciniki waje ta hanyar hukuma ba. Dokarta ta ba ta ikon ƙin yarjejeniyar da ta wuce shekara 10, ko wadda ta tilasta sayen dukkan kaya daga mai suna, ko wadda ta ce sai kotun wata ƙasa za ta yi hukunci. Wannan makami ne a hannunka lokacin ciniki, mutane ba sa amfani da shi. Akwai kuma harajin da ake riƙewa daga kason kafin a tura, kashi 10 ga kamfani. A duba wa zai ɗauke shi, don wasu yarjejeniyoyin na cewa mai suna zai karɓi nasa cif, kai ka cike gurbin.

Sai maganar dala. Kason ciniki da aka ƙayyade da kashi cikin ɗari yana tafiya da naira, ba shi da haɗari sosai. Haɗarin na cikin mafi ƙarancin kuɗin da dole a biya a shekara idan an rubuta shi da dala, da na'urori da kayan haɗin da ake shigowa da su. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa hannu zai biya dala 30,000 a shekara ko an yi ciniki ko ba a yi ba, bashinsa ya tashi daga ƙasa da miliyan 14 zuwa miliyan 45, alhali bai isa ya ninka farashin faranti sau uku ba.

Sauran sassan da nake so a karanta da jan biro: iyakar yanki, a rubuta ta da kilomita ko da sunayen tituna, kuma ta haɗa da kai saƙo gida, in ba haka ba wani reshe zai riƙa aiko babura har ƙofar shagonka. Subway ya cunkusa rassa kusa da juna har suka kai kusan 27,000 a Amurka a 2015, yanzu sun sauko ƙasa da 21,000, don shi mai suna jimillar ciniki yake kallo, ko da rassa biyu sun raba masu saye ɗaya. Sai dalilan soke yarjejeniya da kwanakin da za a ba ka ka gyara. Sai sharaɗin hana ka yin irin sana'ar bayan rabuwa, shekara nawa, kilomita nawa. Sai lamunin ƙashin kai, wanda ke sa gidanka cikin bashin kamfani. Sai gado: idan mai reshe ya rasu, magada za su ci gaba ko sunan ya koma? A wurinmu wannan babbar magana ce, kuma yawancin takardun da aka kwafo daga waje ba su san da rabon gado ba. Tsawon hayar shago kuma ya yi daidai da tsawon yarjejeniya.

Abu na ƙarshe, Alhaji, da yawa daga manyan sunayen gidajen kaji da fiza da ka ambata ba sa sayar da reshe ɗaya ga mutum ɗaya. KFC ya shigo a 2009 ta hannun Devyani na Indiya, Domino's da Cold Stone suka shigo a 2012 ta hannun Eat'N'Go. Waɗannan kamfanonin su suka karɓi ƙasar gaba ɗaya, kuma galibin rassan su ke gudanarwa da kansu. Duk wanda ya zo ya ce kawo miliyan kaza in samo maka irin wannan suna, a rubuta wa kamfanin kai tsaye kafin a ba shi ko kuɗin mota.

Ɗan Kwari ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Malam Akanta da Barista. To gidajen mai masu tambarin NNPC ko TotalEnergies fa, su ma wannan tsarin ne? Kuma a shari'ance ya halatta a biya kuɗi a kan suna kawai, abin da ba a gani ba a taɓawa?

Mai_Famfo ya rubuta:

Alhaji, gidan mai shi ne hayar sunan da muka fi sani a Arewa, sai dai ba ma kiran sa haka. Iri biyu ne. Akwai wanda kamfani ya gina, fili da tankuna da famfuna nasa ne, ya ba dila ya gudanar. Akwai wanda kai ka gina da kuɗinka, kamfani ya zo ya yi fenti ya kafa tambarinsa, ka ɗaure kanka ba za ka sauke man kowa ba sai nasa. A nan yawanci ba kason ciniki ake cirewa ba, ribar kowa na cikin lita. Lasisin gini da na sayarwa daga NMDPRA yake fitowa, hukumar da dokar man fetur ta 2021 ta kafa.

Amfanin tambarin a fili yake, direba ya fi yarda litarka cikakkiya ce kuma man ba gauraye ba ne. Wahalarsa kuma ita ce ranar da depo ɗin kamfaninka babu mai, maƙwabcinka mai zaman kansa ya sayo daga wani wuri yana ta ciniki, kai ka ɗaure igiya a ƙofa. A nemi sharaɗin da ya ce idan kamfani ya kasa kawo mai cikin kwana kaza bayan ka biya, kana da izinin sayowa a waje. Sannan jarin juyawa. Kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, tanka mai lita 45,000 ba ta kai naira miliyan 9 ba. Da lita ta taɓa naira 1,000 a ƙarshen 2024, tankar ta koma miliyan 45. Gidajen mai da yawa da kuke gani a rufe ba ginin ne ya gagare su ba, kuɗin cika tanki ne.

Ribar lita siririya ce, don haka asara ƙarama ke cinye ta. A auna kowane ɗaki na tanka da sandar awo kafin a sauke, bayan motar ta ɗan huta man ya kwanta, a shafa man gwajin ruwa a bakin sandar, a duba hatimi. A auna tankin ƙasa safe da dare a gwada da lambar famfo. Idan gibi yana maimaituwa kullum, ko tanki na yoyo, ko famfo na zubar da fiye da abin da yake rubutawa, ko akwai hannu. Wanda ba zai iya wannan duba kullum ba, tambari ba zai cece shi ba.

Abu_Hafsa ya rubuta:

A kan halacci: majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin ƙirƙira dukiya ce mai daraja a shari'a, ana iya sayar da ita ko miƙa ta da kuɗi matuƙar babu yaudara da jahilci a cinikin. Don haka asalin abin ba matsala. Inda ake tuntuɓe uku ne: kayan da za a tilasta maka sayarwa idan akwai haram a ciki, da tushen naman da yankansa, da sharaɗin ƙarin kuɗi idan ka yi jinkirin biya, wanda ruwa ne ƙarara. Ana iya neman a sauya shi da tarar da za a bayar sadaka, kamar yadda bankunan Musulunci ke yi. A kai wa malami takardar kanta ya karanta, ba labarinta ba.

Malama_Tattali ta rubuta:

Ina so in taɓa tambayar nan ta Alhaji, ko tsarin kwashe kuɗi waje yake yi ko samar da aikin yi, kuma ban yarda a tsaya a kan tsoratarwa ba, ko da yake lissafin Malam Akanta daidai ne. Wanda ya kafa nasa sunan ba ya biyan kashi 8, gaskiya, amma yana biyan kuɗin koyo: shekara biyu yana gwada farashi, yana zubar da abincin da ya kwana, yana neman wanda zai yarda da shi. Tambayar ita ce ko sunan zai kawo ƙarin cinikin da ya fi abin da yake ɗauka. A misalin can, idan ba tare da sunan ba cinikinka miliyan 14 ne maimakon 20, to mai suna bai zalunce ka ba.

A tattalin arziki, aikin wannan tsari shi ne haɗa abu biyu da ba kasafai suke zama a hannu ɗaya ba: wanda ya iya tsari ba shi da kuɗin buɗe rassa 500, masu kuɗi 500 kuma ba su da tsari. A 1899 Coca-Cola ya ba wasu lauyoyi biyu na Chattanooga izinin ɗura lemonsa a kwalba a kan dala 1, ya riƙe sirrin haɗin, wasu suka zuba jarin masana'antu da motoci. Ta wannan hanyar ya iso gare mu: Leventis ya kafa kamfanin ɗura lemo na Najeriya a 1951, Seven-Up ya fara aiki a 1960, masana'antar lemo da ke Challawa a Kano ma 'yar wannan tsari ce. Ray Kroc ya buɗe reshensa na farko na McDonald's a 1955, a 1961 ya saye kamfanin a kan dala miliyan 2.7 daga 'yan uwa biyu da suka kafa shi, yau kusan kashi 95 cikin 100 na gidajensa a hannun masu haya suke. A Amurka ana ƙiyasta irin waɗannan rassa sun kai wajen 800,000, suna ɗauke da ma'aikata sama da miliyan 8.

Shin kuɗi na fita waje? Yana fita. Amma ɗan kaso ne na ciniki, kuma ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ina kuɗin kayan girki, kashi 45 na ciniki a misalin Malam Akanta, yake zuwa. Da yake an haramta shigo da daskararrun kaji Najeriya, dole gidajen kaza su saya daga gonakin cikin gida, kajin kuma masara da waken suya suke ci, waɗanda akasarinsu daga Arewa ake nomawa. Mai suna da ke buƙatar kaza mai nauyi iri ɗaya kowane mako yana tilasta wa gona ta koyi awo da tsafta da ɗakin sanyi, kuma wannan ilimi ba ya komawa waje. Reshen da komai nasa daga jirgi yake sauka, har cukwi da kwali, shi ne ya cancanci zargin kwashe kuɗi. Wani amfanin kuma reshe ba ya iya ɓoye ciniki, tunda na'ura ke lissafawa don mai suna ya cire nasa, saboda haka harajin VAT na kashi 7.5 da ake ɗorawa a kan ciniki yana shiga asusun gwamnati, abin da mai shagon da ba ya rubutu ba ya yi.

Inda nake da damuwa shi ne ma'aikata. Mai reshe ba shi da iko a kan farashin kaya ko kason mai suna, abin da ya rage a hannunsa ya matse shi ne albashi. An ga haka a Ostareliya a 2015, lokacin da aka bankaɗo rassan shagunan 7-Eleven da yawa na biyan ma'aikata ƙasa da abin da doka ta ce. Yawan aikin yi gaskiya ne, ingancinsa kuma sai an sa ido.

Kuma ilimin yana haifar da na gida. Kamfanin Food Concepts na Najeriya da hayar sunan Chicken Licken na Afirka ta Kudu ya fara, a 2004 ya fito da Chicken Republic nasa. Mr Bigg's na UAC ya fara a Marina ta Legas a 1986, ya haura rassa 150, sannan ya yi ta ja da baya. A ganina darasinsa shi ne raba suna ya fi sauri a kan sa ido, har ya zama abincin wannan reshe ba ya kama da na wancan. Shoprite kuma da ya sayar da harkarsa ta Najeriya a 2021 ya bar sunan a hannun waɗanda suka saye harkar, reshen Kano na Ado Bayero Mall ya rufe a farkon 2024. Suna ba ya biyan kuɗin dizal, kuma ba ya sa kuɗi a aljihun masu saye.

Akanta_Fagge ya rubuta:

Malama, na karɓi gyaran. Zan ƙara da cewa mai miliyan 100 a Kano yana da zaɓi na uku da ba a kawo ba: ya zama shi ne mai sunan. Muna da masu kilishi da gurasa da fura da yogot da gashi waɗanda sunansu ya kai Legas, amma reshe na biyu yakan lalace saboda komai na cikin kan maigida. Tsarinmu na yaron shago da sallama yana yaɗa sana'a, amma ba ya yaɗa suna ɗaya da inganci ɗaya, kowa ya tafi da nasa hannun.

Mai son gwadawa ya fara da rajistar tambari kafin komai. Ya gudanar da shago biyu ko uku na kansa aƙalla shekara 2, ɗaya daga ciki a unguwar da ba ya zuwa kullum, da littafin ciniki da akanta ya duba. Idan wancan shagon bai yi riba ba bayan an cire masa kashi 6 a takarda kamar baƙo ne, tsarin bai nuna ba tukuna. Ya rubuta komai da awo: giram nawa na yaji a kilo ɗaya na nama, lita nawa na nono a kwano nawa na gero, awa nawa abu zai yi a firiji kafin a zubar. Cokali da tafin hannu ba awo ba ne. Haɗin sirri a riƙa yin sa a wuri ɗaya ana rarrabawa a ƙulle, a farashin da bai wuce na kasuwa ba. Horon sabon mai reshe da yaransa ya kai mako 4 zuwa 6 a cikin shago mai aiki. Mai duba rassa ya riƙa zuwa ba sanarwa, da takardar maki, kuma a rubuta tun farko maki nawa ne ke jawo gargaɗi, nawa ke jawo sauke allo, ko da mai reshen ƙanin matarka ne. Rassan farko su kasance inda mota za ta kai kaya ta dawo a yini ɗaya, Kano zuwa Zariya ko Dutse ko Katsina, kafin a yi tunanin Abuja. Kuma kada a rayu da kuɗin karɓar suna. Ya tafi a horo da taimakon buɗewa, abincin mai suna ya fito daga kason wata-wata, don ta haka ne kawai zai damu da ko reshen yana ciniki. Idan rubuta ciniki zai yi wuya saboda yawancin masu saye da tsabar kuɗi suke biya, a yanka kuɗi tsayayye a wata gwargwadon girman shago, a riƙa sake duba shi duk wata 6 saboda tashin farashi.